Jirgin Binciken Teku: Yadda Aka Ƙera Shi da Amfaninsa Gare Mu

Iskar da ke kawo mana damina daga Tekun Atlantika take tasowa. Takan biyo ta mashigin Gini ɗauke da danshi, ta ratsa dazukan kudu, kafin ta iso ƙasashen Sahel ta zubar da ruwa. Kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwannin Kano da Maraɗi da Kumasi shi ma daga teku yake zuwa. Saboda haka ko mutum bai taɓa ganin teku da idonsa ba, gonarsa da tukunyarsa suna da alaƙa da abin da ke gudana a cikinsa.

Teku ya mamaye kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya, matsakaicin zurfinsa kuma ya kai kimanin mita 3,700. Duk da haka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan teku ne kawai aka zana taswirarsa dalla-dalla. Tauraron ɗan'adam saman ruwa yake gani. Wanda yake son sanin abin da ke can ƙasa, dole ya shiga jirgi ya je wurin. Wannan shi ne aikin jirgin binciken teku.

Misali na kusa da mu shi ne jirgin Dr. Fridtjof Nansen, mallakar ƙasar Norwe, wanda ke aiki tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO. An ƙera shi a Sifaniya, ya fara aiki a 2017, tsawonsa kusan mita 75, yana da ɗakunan gwaji bakwai. Shi ne na uku da ya ɗauki wannan suna. Na farkon ya fara aiki tun 1975. An raɗa masa sunan wani masanin teku ɗan Norwe da ya ci lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1922. Galibin aikinsa jirgin a gaɓar Afirka yake yi, kuma yakan ɗauki masana daga ƙasashen da yake bincike a ruwansu, su yi aikin da hannunsu.

Abu na farko da maƙera ke kula da shi a irin wannan jirgi shi ne rage ƙara. Ƙarar inji da ta farfela tana tafiya nesa a cikin ruwa, tana korar kifi tun kafin jirgi ya iso, tana kuma rikita na'urorin saurare. Don haka ake sa injunan dizal su samar da lantarki, lantarkin ya juya farfela, a kuma ɗora injunan a kan matashin roba don kada girgizarsu ta bi jikin jirgi ta shiga ruwa. Jirgin da ya firgita kifi ba zai iya ƙidaya shi daidai ba.

Dalilin wannan tsantseni shi ne, da sauti ake gani a cikin teku. Hasken rana ba ya wuce 'yan ɗaruruwan mita, amma sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwan gishiri. A ƙarƙashin jirgin akwai na'urori da ke aika sauti ƙasa, su jira amsa-kuwwa. Idan amsar ta dawo bayan daƙiƙa huɗu, zurfin wurin ya kai mita 3,000 ke nan, tunda sautin ya je ya dawo. Wata na'urar tana baza ɗaruruwan layukan sauti a lokaci guda, ta zana duwatsu da kwaruruwan da ke ƙasan teku. Wata kuma tana nuna garken kifi a allon kwamfuta, da zurfin da yake da kuma yawansa.

Abu na biyu shi ne iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, inda anga ba za ta kai ƙasa ba. Kwamfuta na karɓar bayanin wurin da jirgi yake daga tauraron ɗan'adam, tana sarrafa ƙananan farfeloli a gaba da gefe, suna ture iska da igiyar ruwa. Sai jirgi ya tsaya sannan ake iya zura kayan awo. Akwai wani keji na ƙarfe da aka jera wa dogayen kwalabe 12 ko 24, bakinsu a buɗe sama da ƙasa. Ana sauke shi da igiyar waya kamar guga a rijiya, sai dai wannan igiyar tana kai dubban mita. Yana sauka yana aiko da bayanin zafi da gishiri da zurfi ta cikin wayar. Lokacin hawowa, mai kula da allo yakan danna maɓalli a kowane zurfin da ake so, kwalba ɗaya ta rufe da ruwan wannan wuri. Da kejin ya iso kan jirgi, masana sun kewaye shi da ƙananan kwalabe, kowa na tatsar nasa don auna iskar shaƙa da sinadarai da ƙananan halittu.

A bayan jirgi kuma akwai fili da ƙugiyoyin ɗaga kaya, inda ake jefa taru. Kifin da aka kamo ba na kasuwa ba ne. Ana zube shi a ɗakin gwaji mai jiƙa, a ware shi jinsi-jinsi, a auna tsawo da nauyi, a duba ƙwai, a ciro wani ɗan ƙashi daga cikin kunnensa wanda zobbansa ke nuna shekarunsa. Ana yin wannan dare da rana, ma'aikata na karɓa-karɓa, domin kowace rana a teku tana cin kuɗi mai yawa.

Da irin waɗannan alƙaluma ƙasa ke sanin yawan kifin da ke ruwanta, da adadin da za a iya kamawa ba tare da an ƙarar da iri ba. Ƙasar da ba ta san dukiyarta ba, a makance take ba jiragen waje lasisi. Ta fuskar yanayi kuwa, teku ne ke haɗiye fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ke taruwa a duniya. Bincike ya nuna cewa sauyin zafin saman teku yana cikin manyan dalilan farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980. Tun 1997 Faransa da Brazil da Amurka ke kula da wasu na'urori da aka ɗaure a saman ruwa a yankin zafi na Atlantika, a ƙarƙashin shirin PIRATA, kuma jiragen bincike ne ke zuwa su gyara su. Bayanansu na shiga cikin lissafin da ake hasashen yanayi da shi.

Najeriya ma ba a bar ta a baya ba. Tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, rundunar sojan ruwa kuma ta karɓi jirgin auna ƙasan teku mai suna NNS Lana a 2021. Amma sayen jirgi somin-taɓi ne. Yana buƙatar mai, da gyara a kan kari, da ƙwararrun da za su fassara abin da ya auno.

Muna kira ga gwamnatocinmu da su ware wa wannan aiki kuɗi a kowace shekara, su kuma buɗe sakamakonsa ga jami'o'i da hukumomin hasashen yanayi. Matasanmu masu karatun kimiyya da injiniyanci, kada nisan gida da gaɓar teku ya sa ku ɗauka fannin na wasu ne. Ku neme shi, domin manomi da mai sayar da kifi duk suna jiran amfaninsa.