Fim Ɗaya, Bugu Barkatai: Yadda Kasuwar Faifai Ta Raya The Evil Dead, Ta Kuma Sauya Masa Kama

A ƙarshen 1979 wasu samari daga jihar Michigan ta Amurka suka tare a wani tsohon gidan katako da ke cikin daji kusa da garin Morristown a Tennessee. Sam Raimi ne mai ba da umarni, Robert Tapert mai shiryawa, Bruce Campbell kuma jarumi. Kuɗin da suka haɗa bai kai dala 400,000 ba. Labarin na ɗalibai biyar ne da suka tsinci wani tsohon littafi da na'urar ɗaukar murya, suka kunna, aljanu suka farka suna shiga jikinsu ɗaya bayan ɗaya. An fara nuna fim ɗin a Detroit a 1981, aka kai shi bikin Cannes na Faransa a 1982, inda yabon marubuci Stephen King ya buɗe masa ƙofa. Yau, duk wanda ya ce ya kalli The Evil Dead, masoyansa za su tambaye shi: wane bugu?

Tambayar tana da tushe, domin fim ɗin ya fita a kaset, da babban faifan LaserDisc, da DVD, da Blu-ray, da 4K, kuma da wuya a sami bugu biyu da suka yi daidai ta kowace fuska.

Dalilin farko almakashin hukuma ne. A Birtaniya kamfanin Palace ya saki fim ɗin a sinima da kaset lokaci guda a 1983, bayan hukumar tace fina-finai ta yanke daƙiƙa 49. Kaset ɗin ya yi kasuwa ƙwarai, sai ya faɗa cikin jerin fina-finan da jaridu da 'yar gwagwarmaya Mary Whitehouse suka yi wa ca a kan ɓata tarbiyya. 'Yan sanda suka riƙa kwashe shi daga shagunan haya. Dokar bidiyo ta 1984 ta wajabta tace kowane kaset, kuma da fim ɗin ya dawo a 1990 an ƙara datse shi. Sai a 2001 Turawan Ingila suka sayi cikakkensa a kanti. A Jamus haramcin ya haura shekara 30. Ke nan mutum biyu na iya rantsuwa sun ga fim ɗaya, alhali ɗaya ya ga abin da ɗayan bai taɓa gani ba. Haramcin ma talla ya zama: kalmar "ba a yanke ba" a jikin kwali ta isa ta sa wanda yake da tsohon kaset ya sake zura hannu aljihu.

Dalili na biyu ya fi jawo musu, shi ne siffar hoton. An ɗauki fim ɗin da zare mai faɗin milimita 16, wanda hotonsa ya kusa murabba'i, wato 1.33:1, irin na tsohuwar talabijin. A haka kaset ya nuna shi, a haka kuma kamfanin Elite Entertainment ya fitar da shi a faifai a ƙarshen shekarun 1990. Da talabijin masu faɗi suka shigo gidaje, kamfanin Anchor Bay ya fitar da bugun 2002 a ma'aunin 1.85:1, ta hanyar rufe sama da ƙasan hoton. Masu goyon baya suka ce ai haka majigin sinima ke haska shi. Masu adawa suka nuna wuraren da aka shafe goshi da haɓar 'yan wasa, fuskoki suka cika allo har suka matse. Maimakon raba gardama, kamfanin ya sayar wa kowa abin da yake so: bugun 2007 mai faifai uku ya ƙunshi siffofin biyu, haka ma Blu-ray na 2010. Da Lionsgate ya fitar da 4K a 2018, sai ya koma ga 1.33:1.

Sai kuma gyaran da ba a shelanta shi a jikin kwali. A aikin 2010 an yi amfani da kwamfuta an goge wasu kurakuran ɗauka. Fitacce a ciki shi ne Tapert, wanda a tsofaffin bugu ake hango shi tsaye a gefe lokacin da motar ɗaliban ke haye gada. An kuma gyara hoton wata, wanda a da ake ganin shacin inda aka liƙa shi a sararin sama. Sauti ma ya canza: asalinsa na lasifika ɗaya ne, amma faya-fayan da suka biyo baya sun baza shi ya kewaye ɗaki. Mai fim yana da ikon gyara aikinsa, babu musu. Sai dai waɗannan kurakurai suna cikin abin da ya sa matasa da yawa suka ƙaunaci fim ɗin, domin sun nuna musu cewa 'yan shekara ashirin da 'yan kai, marasa kuɗi, suna iya girgiza duniya da kyamara ɗaya. Goge su ya rage wani yanki na wannan shaida.

Kasuwanci shi ne ya ɗaure sauran dalilan wuri guda. Bugun 2002 ya zo cikin bangon roba mai fuskar mutum, kwaikwayon littafin cikin fim, wanda Tom Sullivan, mai kwalliyar dodannin fim ɗin, ya tsara. A shekarar ce Spider-Man na Raimi ya cika gidajen sinima, sunansa ya zama abin sayarwa. Kowane sabon ci gaba, daga sake yin fim ɗin a 2013 zuwa shirin talabijin na Ash vs Evil Dead da ya fara a 2015, ya ba kamfanoni hujjar sake buga tsohon. Suna kuma rarraba kayan ƙari yadda babu bugun da ya tattara komai. Faifan Elite yana da sharhin murya biyu, ɗaya na Raimi da Tapert, ɗaya na Campbell shi kaɗai. Blu-ray na 2010 ya ajiye su ya kawo sabon sharhi na su ukun tare. Mai son duka dole ya riƙe tsoho ya sayi sabo. Bangon robar kuwa, masu tarawa da yawa sun tarar yana tsattsagewa yana ruɓewa bayan 'yan shekaru.

Wannan salo yanzu ya zama ginshiƙin kasuwar faifai baki ɗaya. Jama'a sun koma kallo ta intanet: Netflix ya daina aika DVD ta gidan waya a Satumban 2023, kantunan Best Buy suka janye faifan fim a 2024. Waɗanda suka rage masu tarawa ne, 'yan kaɗan amma masu sakin kuɗi, kuma kamfanoni irin su Arrow Video da Scream Factory da Vinegar Syndrome a kansu suka dogara, da bugu masu ƙayyadadden adadi da tsadar gaske.

Amfanin a bayyane yake. Kuɗin waɗannan masu saye ne ke biyan aikin ciro asalin zaren fim daga ma'ajiya, a wanke shi, a ɗauke shi da na'urar zamani, a kuma yi hira da 'yan wasa tun suna raye. Mai karatu a ƙasar Hausa zai gane darajar hakan idan ya tuna cewa Kannywood a kan kaset aka haife ta, tun daga Turmin Danya a 1990, kuma samun tsabtataccen kwafi na fina-finan wancan zamani abu ne mai wuya a yau. The Evil Dead ya tsira daga irin wannan ne saboda kullum akwai mai son sake sayensa.

Illar kuma ita ce, duk sabon bugu yana ture na baya daga kanti, kuma manhajar kallo ba ta cika gaya wa mai kallo wanne ta ɗora ba. Matashin da ya kunna fim ɗin a wayarsa ba shi da hanyar sanin ko an rufe masa hoto, ko an goge wani abu, ko an sake sautin. Maganin ba mai tsada ba ne, kuma Anchor Bay ya riga ya gwada rabinsa da ya haɗa siffofi biyu a kwali ɗaya. Abin da ya rage shi ne masu haƙƙin fim ɗin su ajiye hoton 1981 da sautinsa na asali kusa da gyararren, su kuma rubuta a jikin kwali abin da aka taɓa da shekarar da aka taɓa shi.