Me Ke Sa Wani Ya Jure Wa Maganin Shaye-Shaye, Wani Kuma Ya Gudu?

A ɗauki misalin samari biyu daga Kurawa, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, waɗanda shan tiramol ya fi ƙarfinsu. Iyayen kowannensu sun sayar da akuya da buhun gero, sun kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware, arewa da birnin Sakkwato. Ɗaya ya zauna har likita ya sallame shi, kuma yana komawa duk ranar da aka ɗibar masa. Ɗayan kuwa ko mako biyu bai cika ba ya matsa sai an mai da shi gida, kafin wata ya zagayo ya koma ruwa. Mutanen gari ba su wahala wajen yanke hukunci: na farko mai jin magana ne, na biyu kangararre. Masana kimiyya sun daɗe suna bin diddigin wannan lamari, kuma abin da suka gano ya nuna cewa ƙarfin zuciya yanki ne kawai na amsar.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Janairun 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, watau kashi 14.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 4.6 daga cikinsu dangin tiramol da kodin suke sha. A shiyyar arewa maso yamma adadin ya kai kashi 12 cikin 100. Rahoton ya ƙara da cewa mutum ɗaya cikin biyar na masu shan ya riga ya kai matsayin ciwo, wanda ke bukatar magani.

Shingen farko a cikin jiki yake. Tiramol da kodin dangin ofiyom ne. Idan sun shiga ƙwaƙwalwa sukan dusashe zafin ciwo da gajiya, su kuma sa a saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda aikinsa shi ne koya wa mutum cewa abin da ya yi yanzu ya cancanci a maimaita shi. Wannan ne ya sa ɗan ƙwadago ko ɗan kabu-kabu ke ganin ƙwayar tana ƙara masa ƙarfi. Amma ƙwaƙwalwa ba ta son a karkatar da ma'auninta, saboda haka takan rage jin ƙwayar sannu a hankali. Wanda ya fara da ƙwaya ɗaya sai ya koma biyar, kuma galibi ba mai nauyin miligiram 50 ko 100 da hukumar NAFDAC ta amince da ita ba, sai ta fasa-ƙwauri mai 225. Ranar da aka yanke masa ita, ma'aunin sai ya rinjaya ɗaya ɓangaren: ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, yoyon hanci, hamma, fargaba da rashin barci. Wahalar takan tsananta a kwana na biyu zuwa na uku, ta fara sauka bayan kamar mako guda. A wannan ɗan tsakani ne masu jinya da yawa ke neman ƙofa, domin sun san abin da zai kashe wutar cikin rabin sa'a. Inda aka ba da magungunan da ke rage wannan azaba, masu zama sukan ƙaru. Tun a 1965 likitoci biyu a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka nuna cewa maganin metadon yana riƙe masu shan heroyin a kan hanyar jinya, kuma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da haka.

Shinge na biyu ya fi na farko wayo, domin a cikin kamannin lafiya yake zuwa. Bayan mako biyu ko uku mai jinya ya fara cin abinci, yana barci, fuskarsa ta ciko. Shi da iyayensa sai su ɗauka an gama. Alhali wanke jiki daga ƙwaya sharar fage ce kawai, har yanzu ba a kai ga shuka ba. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta bayyana cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne ga yawancin mutane. Kwana 90 kuwa a ƙasar Gobir kusan damina guda ke nan. Idan ruwa ya sauka, gonar gero ba za ta jira likita ba, kuma mahaifin da ke biyan kuɗin gado shi ne ke bukatar hannun ɗansa a kan hauya.

Wani bincike da ya shahara ya haska abin da ke faruwa bayan an koma gida. A 1971 gwamnatin Amurka ta firgita da yadda sojojinta da ke yaƙi a Biyetnam suka faɗa shan heroyin, sai aka ɗora wa wata masaniya, Lee Robins, aikin bin sawun waɗanda suka dawo. Ta gano cewa kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da jarabar a fagen daga. Abin mamaki, cikin shekarar farko da dawowarsu, kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake faɗawa, bayan shekara uku kuma kimanin kashi 12. Ba wai sun fi sauran mutane ƙarfin hali ba ne. Sun dai baro wurin da ƙwayar ke da arha, sun baro abokan sha da fargabar yaƙi. Ƙwaƙwalwa takan ɗaure sha'awar ƙwaya da wuri da fuska da lokaci, kamar yadda ƙamshin tuya ke tayar wa mai azumi da yunwa. Saurayin da ya baro Kware akasin sojan nan ne: majalisar da ya saba zama tana nan, mai sayarwa yana nan ranar kasuwa, gajiyar da ta fara kai shi ga ƙwayar ita ma ba ta je ko'ina ba.

Sai kuma hanya. Daga Sabon Birni ko Isa zuwa Sakkwato tafiyar sa'o'i ce, kuma duk zuwa ganin likita yana cin kuɗin motar mutum biyu da aikin yini guda. Hare-haren 'yan bindiga sun ƙara nisanta asibitin. Daga 2019 dubban mutanen wannan yanki suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato na wani lokaci, a watan Disamba na wannan shekara kuma aka ƙone wata mota cike da matafiya da suka taso daga Sabon Birni. Mai jinyar da bai zo ranar da aka ba shi ba, a cikin littafin asibiti sunansa wanda ya daina zuwa. Littafin ba shi da gurbin rubuta cewa hanya ce ta rufe.

Dangi kuwa suna iya zama igiyar da ke riƙe mai jinya, suna kuma iya zama wuƙar da ke yanke ta. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fahimci haka tun a 1954, lokacin da ya soma sauke masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da wani ɗan'uwansa, maimakon a kulle su. Wanda ke da mai raka shi, mai tuna masa da ranar asibiti ba tare da gori ba, ya fi daɗewa a kan magani. Haka nan wanda ya ga ma'aikacin jinya na sauraronsa. Sai dai kunya takan yi ɓarna: gida da yawa ba sa son a ji cewa ɗansu ya kwana a asibitin da jama'a ke kira na mahaukata, don kada a rasa mai ba shi mata. Wasu sukan zaɓi gidan mari, inda babu mai iya gudu saboda sarƙa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da tabon duka. Sarƙa tana tsare ƙafa, amma ba ta koya wa mutum yadda zai wuce majalisa bai tsaya ba. Mata sun fi kowa cutuwa da wannan kunya: rahoton 2019 ya ce mace ɗaya ce cikin kowane masu sha huɗu, amma ba kasafai ake ganinsu a ɗakunan jinya ba.

Likitoci a yau suna kallon jarabar ƙwaya a matsayin ciwo mai daɗewa. Wani nazari da Thomas McLellan da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma sha, adadin da bai wuce na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke tashi ba. Babu mai korar mai hawan jini don jininsa ya sake hawa. Magani ake gyara masa. Amma komawar mai ƙwaya tana da wani haɗari na musamman da ya kamata malami da ɗalibi su sani. Bayan makonni ba a sha ba, jiki ya manta sabon da ya yi. Adadin da saurayin ke haɗiyewa a da ya tashi ya hau babur, yanzu yana iya jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ya tsayar masa da numfashi. Shi ya sa makonnin farko bayan barin asibiti ko gidan yari suke cikin lokutan da mai shan dangin ofiyom ya fi fuskantar mutuwa.