TUMBUƊI DA ƘWANNAFIN YARA: YAUSHE AKE KAIWA GA TIYATA?



Ya ku magidanta da iyaye mata, karatunmu na yau a kan yaron da abinci ba ya zama cikinsa ne. A karanta har ƙarshe, don akwai wurin da jiƙo da tofi ke tsayawa, sai wuƙar likita.

Tsakanin maƙogwaro da tumbi Allah Ya sanya wani nama mai tsukewa kamar bakin zabira. Abinci ya wuce, sai shi rufe. Cikin tumbi kuwa akwai ruwa mai tsami ƙwarai wanda ke narka abinci. Tumbi na da rigar da ke kare shi daga wannan ruwa, maƙogwaro ba shi da ita. To idan bakin zabiran nan ya yi sako-sako, ruwan ya hau sama, shi ne babba ke cewa ƙwannafi, jinjiri kuma da ba shi da baki sai tumbuɗi da kuka.

Kada hankalinku ya tashi tukuna. Mafi yawan tumbuɗin jarirai ba cuta ba ne. Yakan yi yawa wajen wata 4, ya ja baya in yaro ya fara zama, galibi kafin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ya wuce da kansa. Yaron da ke tumbuɗi amma yana shan nono, yana wasa, nauyinsa na ƙaruwa a katin awo, wannan aikin wanki kawai ya ja wa uwarsa. A rage masa yawan abin da zai sha a lokaci ɗaya, a riƙa ba shi akai-akai, a ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, a riƙe shi tsaye kamar minti 20 zuwa 30. Wajen barci a kwantar da shi rigingine, ba rub da ciki ba. A nisanta shi da hayaƙin murhu da na taba. Yaron da ya tasa kuma a rage masa yaji da maiƙo da lemon kwalba, kuma kada ya ci tuwo ya faɗa tabarma nan take.

Amma akwai wani yaron daban. Ana ba shi yana ramewa. Yana ganin nono ko kofi sai ya banƙare yana kuka, don ya gane ci na nufin zafi. Tari cikin dare, muryarsa ta dushe, yana yawan ƙwarewa. Yau an yi maganin nimoniya, bayan wata biyu ta dawo, saboda abin da ke tasowa daga ciki yana zubawa cikin huhu. Wani lokaci amai da jini, ko baƙi-baƙi kamar garin kofi. An fi ganin irin wannan ga yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu, ko saboda doguwar naƙuda ko shawarar jarirai da anka bari ta yi tsanani, waɗanda wuyansu bai tsaya ba, ba sa zama, ba sa tafiya. Irin yaran nan ne mutane ke yi wa kallon ɗan ruwa ko shafar aljannu, alhali bayin Allah ne marasa lafiya, kuma amana ce a wuyan ubansu.

Abu biyu ba su da jira ko na kwana ɗaya. Aman da ya fito kore shar, yana iya zama hanji ne ya murɗe. Da kuma jinjiri ɗan sati 2 zuwa 8 mai feshin amai da ƙarfi bayan kowane shan nono, ya kuma nemi nonon nan take: sau da yawa ƙofar fita daga tumbi ce ta toshe. Waɗannan ba ƙwannafi ba ne. Asibiti, a ranar.

Nan zan yi magana da 'yan'uwana kakanni, kuma a yi mini haƙuri. Cire beli ba ya tsuke bakin tumbi, beli na sama, matsalar na can ƙasa kusa da ƙahon zuci. Sai dai a jawo wa yaro zubar jini da ciwon daha. Ya ma tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mata danne maƙoshin 'ya'yansu da yatsa da sunan magani. Kanwa tana kashe tsamin na ɗan lokaci, shi ya sa babba ke jin sauƙi, amma gishirinta ya fi ƙarfin ƙodar jariri. Zuma, duk da albarkarta, ba a ba wanda bai cika shekara ba. Mafi muni ita ce ɗura. A toshe hancin yaron da dama can abinci ke kuskure masa hanya, a kwarara masa kunu? Wallahi huhunsa ake cikawa.

A asibiti ma ba a fara da wuƙa. Za a auna yaron, a gyara yadda ake ciyar da shi, wani lokaci a dakatar da madarar shanu na sati 2 zuwa 4 don ƙin jininta na kama da wannan ciwo. Sannan maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole na sati 4 zuwa 8, bisa awon likita, ba na kemis ba. Ana iya ɗaukar hoto bayan yaro ya sha wani farin ruwa, ko a zura siririyar kyamara ta baki a duba maƙogwaro. Sai duk wannan ya gaza, ko huhu na cikin haɗari, ko maƙogwaro ya fara ƙuntata saboda ƙuna, sannan a yi zancen aiki.

Aikin shi ne: likita zai kamo saman tumbi ya naɗe shi a ƙarshen maƙogwaro kamar yadda ake zagaya rawani a wuya, ya ɗinke. Duk lokacin da tumbi ya cika, naɗin sai shi matse ƙofar, abinci ya kasa komowa. Wani likita Bajamushe, Rudolf Nissen, shi ya fara yin sa a 1955 a garin Basel na ƙasar Suwizalan, har yau da sunansa ake kiran aikin. Wasu likitocin ba sa zagaye naɗin duka, sukan bar gefe. Tun 1991 anka fara yin sa ta ƙananan huji da kyamara ba tare da an tsaga ciki sosai ba. Yaron da ba ya iya haɗiya kuma akan sa masa ƙaramin bututun ciyarwa ta fatar ciki a lokaci guda.

Ban ce babu wahala ba. Bayan aiki sai abinci mai ruwa-ruwa da laushi na wasu makonni. Wani yaron gyatsa kan yi masa wuya, ciki ya riƙa kumburi, ko ya riƙa yunƙurin amai ba ya fita. Naɗin kan iya kwancewa har a sake, musamman ga masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ku tambayi likita duk wannan kafin ku sa hannu, haƙƙinku ne.

Mai ganin tiyata rashin tawakkali ce, ya sani Muslim ya kawo cewa Annabi (SAW) da kansa ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu mai magani, ya yanke masa jijiya ya yi masa lalas. Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, da littafinsa At-Tasrif Turawa sunka koyi fiɗa ƙarni da ƙarni. Addu'a a yi ta, a kuma tafi.

Mu nan Ambursa hanya ba ta yi mana nisa ba. A fara da asibitin Sir Yahaya ko asibitin gwamnatin tarayya a Birnin Kebbi, na wajen Argungu su fara da babban asibitin garin. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda likitocin tiyatar yara suke. Uba ya tafi da kansa, don sa hannunsa ake nema. A riƙe katin awo, da kwalaben duk abin da anka taɓa ba yaron, har da na gargajiya, kada a ɓoye wa likita ko ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a. A tura wa masu goyo.