Bitar Ginshiƙan Darasin Sauyin Halitta da Matsalar Bayyana Su da Hausa

1.0 Gabatarwa

Darasin sauyin halitta yana cikin manhajar ilimin halittu ta manyan azuzuwan sakandare a Nijeriya, kuma da Ingilishi ake koyar da shi. Sai dai a ƙasar Hausa malami yakan koma ga harshen ɗalibai idan bayani ya gagara, a nan ne kuma kalmar da ya zaɓa takan gyara fahimta ko ta ɓata ta. Wannan maƙala za ta yi bitar ginshiƙai huɗu na darasin, wato bambanci da gado da zaɓi da tarayyar asali, tare da duba yadda Hausa take ɗaukar kowannensu.

2.0 Sunan Fannin

Abin da fannin yake nufi shi ne sauyawar siffofin da ake gada a cikin al'ummar wasu masu rai daga zuriya zuwa zuriya. Charles Darwin da Alfred Russel Wallace ne aka gabatar da bayaninsu a kan musabbabin wannan sauyi a Landan a 1858, sannan littafin Darwin ya fito a 1859. Kafafen watsa labarai sukan kira fannin juyin halitta, amma juyi a kunnen Bahaushe abu ne na farat ɗaya, kamar juyin mulki. Rikiɗa kuwa takan kawo hoton mutum guda yana zama kura, kamar yadda ake ji a tatsuniya. Sauyi ya fi dacewa, domin yana karɓar jinkiri, kuma ana iya jingina shi ga jama'a.

3.0 Ginshiƙan Darasin

3.1 Bambanci

Ba a samun biyu da suka yi daidai ta kowace fuska a cikin jinsi guda. Manomi ya san haka, domin a gona ɗaya wani zangarniyar gero takan riga wata nuna. Tushen sabon bambanci shi ne kuskuren da kan auku wajen kwafar sinadarin gado, wanda aka gano fasalinsa a 1953. Wannan kuskure ba ya duba bukatar mai rai kafin ya auku.

3.2 Gado

Kalmar gado a Hausa ta ƙunshi dukiya da sarauta da sana'a, har akan ce wane ya gaji ƙira. Ilimin halittu kuwa gadon jini kaɗai yake nufi. Rashin rarrabe waɗannan biyu yakan jefa ɗalibi cikin ra'ayin Lamarck na 1809, cewa abin da mahaifi ya samu a jikinsa ta hanyar aiki yana wucewa ga ɗansa. Misalin tsagar gado ya isa ya warware wannan: an yi ƙarnuka wanzamai suna yi wa jarirai tsaga a gida guda, amma ba a taɓa haihuwar jariri da ita a fuska ba. Gregor Mendel ne ya bayyana ƙa'idojin gadon jini a 1866, bayan gwaje-gwajensa a kan wani nau'in wake, ko da yake ba a kula da aikinsa ba sai a 1900.

3.3 Zaɓi

Masu rai sukan haifi fiye da abin da muhalli zai iya ciyarwa, saboda haka waɗanda siffofinsu suka fi dacewa da wurin su suka fi barin zuriya. Matsalar kalmar zaɓi ita ce tana neman mai zaɓa da ke da nufi. Tankaɗe ya fi kusa da abin da ake nufi, domin rariya ba ta da niyya, girman hudarta ne yake raba gari da tsaki. Haka kuma fassarar da ake yi cewa mai ƙarfi shi ke rayuwa tana da rauni, kamar yadda cutar amosanin jini, wato sikila, take nunawa. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu rukunin jini na AS sun fi masu AA jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Dalili ke nan da ya sa wannan gado ya yawaita a inda zazzaɓin ya yi katutu, har kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da shi, duk da cewa idan AS ya auri AS kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS. Dacewa ke nan da wani muhalli, wadda ba ta da amfani a ƙasar da babu zazzaɓin.

A nan ginin jimla ma yana da tasiri. Idan aka ce ƙwayar zazzaɓi ta saba da kulorakwin, aikatau ya nuna kamar kowace ƙwaya ce ta koyi jurewa. Abin da ya faru shi ne maganin ya kashe marasa juriya, 'yan tsirarun da suka tsira suka hayayyafa har suka rinjaya, abin da ya sa Nijeriya ta sauya maganin farko na zazzaɓin a 2005. Jimlar da za ta faɗi gaskiya tilas ta ambaci waɗanda suka mutu da waɗanda suka saura.

3.4 Tarayyar Asali

Nan ne aka fi samun ruɗani, domin abin da ya bazu a bakin jama'a shi ne wai an ce mutum daga biri ya fito. Abin da masana fannin suke faɗi shi ne mutum da birin cimfanzi sun haɗa kaka wanda ya rayu shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowanne kuma ya bi reshensa. Masanin harshe ya fi kowa sanin wannan tsari. Hausa da Bolanci da Ngizimanci da Angasanci duk 'yan gidan Cadi ne, kamar yadda Greenberg ya tsara a 1963, Newman da Ma kuma suka ƙarfafa da kwatancen kalmomi a 1966. Babu mai cewa Hausa daga Bolanci ta fito. Dukkansu sun tsiro ne daga wani harshe da ya shuɗe, wanda ake gano kamanninsa ta hanyar daidaiton sautuka. Haka masanin halittu yake kwatanta ƙasusuwan hannun mutum da fiffiken jemage da ƙafar gaba ta akuya, ya tarar da tsari guda ana ayyuka daban-daban da shi. Iyakar wannan kwatance ita ce harshe koyonsa ake yi, ɗan Bahaushe da ya tashi a Ibadan yana iya tashi da Yarabanci, alhali siffofin jiki ta jini suke bi.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa Hausa tana da kalmomin da za su ɗauki wannan darasi, amma kowacce tana zuwa da tsohuwar ma'anarta, wadda kan sa ɗalibi ya zaci sauyin na mutum guda ne, ko na gaggawa, ko mai niyya. Bisa ga haka, ya kamata masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi su zauna tare da malaman ilimin halittu, su jarraba kowace kalma a cikin cikakkiyar jimla a gaban ɗalibai kafin a shigar da ita ƙamus.