Raddi Kan Zancen Cewa Japan Barci Take Yi Kafin Zuwan Amurkawa

Duk lokacin da hira ta kai kan yadda ƙasashe ke ci gaba, da wuya a tashi ba a ambaci Japan ba, kuma labarin kusan ɗaya ne a bakin kowa. Wai ƙasa ce da ta garƙame ƙofarta fiye da shekara 200, ba ta san abin da duniya ke ciki ba, har sai da jiragen yaƙin Amurka suka zo a 1853 suka tashe ta daga barci. Daga nan, wai, ta kwaikwayi Turawa ta zama abin da ta zama. Na sha jin wannan daga bakin mutanen da nake girmamawa, malamai masu karatu, kuma ni ma da shi na tashi. Sai dai abin da masana tarihin Japan suka tono ya sa ba zan iya ci gaba da gyaɗa kai ba.

Masu wannan magana ba daga iska suka tsinto ta ba. A 1635 gwamnatin gidan Tokugawa ta hana Japanawa fita waje, wanda ya fita kuma ya dawo hukuncinsa kisa. A 1639 aka kori 'yan Fotugal. An gallaza wa Kiristoci matuƙa, musamman bayan tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638, har ana tilasta wa mutane taka hoton Almasihu don a gane wanda ke ɓoye addininsa. Waɗannan duk sun faru, kuma ba abin yi wa kwaskwarima ba ne.

Inda muka rabu shi ne ma'anar rufewar. Maigidan da ya hana baƙo shiga cikin gida amma ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ba za a ce ya yanke hulɗa da mutane ba. Zaure huɗu Japan ta bari. Ta Nagasaki tana ciniki da 'yan Sin da 'yan Holan. Ta tsibirin Tsushima tana hulɗa da Koriya, wadda ta aiko da manyan tawagogi sau 12 tsakanin 1607 da 1811. Ta Satsuma ana ma'amala da masarautar Ryukyu, ta Matsumae kuma da mutanen Ainu na arewa. Ita kanta kalmar sakoku, wato rufaffiyar ƙasa, ba sarakunan da suka kafa dokokin ne suka raɗa ta ba. Wani tafinta na Nagasaki, Shizuki Tadao, shi ya ƙirƙiro ta a 1801 lokacin da yake fassara rubutun wani likita Bajamushe, Engelbert Kaempfer. Masana irin su Ronald Toby da Arano Yasunori sun nuna tun shekarun 1980 cewa tsarin na tace masu shigowa ne da riƙe ragamar ciniki a hannun hukuma.

Zauren da ya fi jan hankalina shi ne Dejima, ɗan tsibirin da aka gina da hannu a gaɓar Nagasaki, mai siffar mafici, gada ɗaya tak ta haɗa shi da gari. Nan aka killace 'yan Holan tun 1641. An ɗora musu sharaɗin kawo rahoton abin da ke faruwa a duniya duk lokacin da jirginsu ya iso, shugabansu kuma yakan yi tattaki zuwa Edo, Tokiyo ta yau, ya kai gaisuwa. A 1720 Shogun Yoshimune, shugaban gwamnatin Tokugawa, ya sassauta dokar shigo da littattafan waje muddin ba na wa'azin Kiristanci ba ne. Ta wannan 'yar gada ilimin da suka kira rangaku, karatun Holan, ya riƙa tsallakowa.

A 1771 wasu likitoci, cikinsu akwai Sugita Genpaku da Maeno Ryotaku, suka je filin zartar da hukuncin kisa na Kotsugappara don su kalli feɗe gawar wata tsohuwa. A hannunsu akwai littafin sassan jikin ɗan Adam da harshen Holan. Wani dattijo ne ke riƙe da wuƙa yana ɗago huhu da hanta yana nuna musu, su kuma suna duba zanen da ke cikin littafin. Abin da ido ya gani ya yi daidai da zanen Turawa, ya saɓa wa tsofaffin littattafan Sin da suka yi shekaru suna dogaro da su. Kunya ta kama su, ganin sun daɗe suna ba mutane magani ba su san cikin mutum ba. Washegari suka taru gidan Maeno suka fara fassara, ba su da ƙamus na kirki, Maeno kaɗai ya san 'yan ɗaruruwan kalmomi. Wani lokaci jimla ɗaya kan cinye musu yini guda. Bayan shekara uku da ɗoriya, a 1774, littafin ya fito da sunan Kaitai Shinsho. Maeno, wanda ya fi kowa wahala a kai, sunansa bai fito a jerin masu aikin ba. Ina tuna waɗannan mutane duk lokacin da aka ce ƙasar barci take yi, sai abin ya sosa mini rai.

Kada kuma a ɗauka komai daga Holan ya zo. Seki Takakazu, wanda ya rasu a 1708, ya zurfafa lissafi irin na gida, har aka wayi gari manoma da 'yan kasuwa suna rubuta matsalolin lissafi a allunan katako suna ratayawa a wuraren ibada don wani ya zo ya warware. A 1804 likita Hanaoka Seishu ya gusar da hankalin wata mata gaba ɗaya ya cire mata cutar daji a mama, da wani haɗin magani wanda jigonsa shi ne tsiron da muke kira zaƙami. Sai bayan shekara 42 aka yi shahararriyar tiyatar nan ta Boston da ake fara lissafin maganin sa barci da ita. Ga kuma Ino Tadataka, ɗan kasuwar da ya ajiye ciniki ya koma ɗalibin ilimin taurari a gaban malamin da shi Ino ya girme masa da shekara 19. Yana da shekara 55 ya fara auna gaɓar ƙasar a 1800, da farko da takun ƙafarsa. Ya rasu a 1818, almajiransa suka kammala taswirar a 1821.

Ƙarƙashin waɗannan fitattu akwai talakawa masu karatu. Makarantun unguwa da ake kira terakoya sun bazu birni da ƙauye, yara na koyon rubutu da buroshi da lissafi da ƙirgau. Ronald Dore, a littafinsa na 1965 kan ilimi a zamanin Tokugawa, ya ƙiyasta cewa zuwa 1868 sama da kashi 40 cikin ɗari na yara maza da wajen kashi 10 na mata suna samun wani karatu a wajen gida. Edo ta kai mutum wajen miliyan ɗaya tun ƙarni na 18, da masu buga littattafai da masu yawo da su a baya suna ba da haya gida-gida. Ko shahararren zanen igiyar ruwa na Hokusai, wanda ya fito wajen 1831, shuɗin da ke jikinsa launi ne da aka fara haɗawa a Balin, ya shigo ta hanyar fatake.

Na yarda tsarin ya jawo asara. A wancan lokacin Japan ba ta da manyan jiragen ruwa ko igwa irin ta zamani, kuma a 1839 an hukunta masana irin su Watanabe Kazan da Takano Choei saboda sun soki yadda ake korar jiragen baƙi. Perry, jagoran jiragen Amurkan, ya zo da ƙarfin da ba a iya ja da shi, kuma sauyin da ya biyo bayan 1868 babba ne ƙwarai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce shuka ta fito ba tare da an yi sharar gona ba. Masu fassara littattafan injiniya da likitanci a zamanin Meiji, wato daga 1868, da yawansu a makarantun karatun Holan suka fara, kamar Fukuzawa Yukichi da ya yi karatu a makarantar Tekijuku ta Osaka.

Ko zuwan Perry ɗin ma bai zo wa hukuma da ba-zata ba. Tun 1852 'yan Holan suka sanar da ita cewa Amurka na shirya ayarin jirage. Da jiragen huɗu suka tsaya a Uraga a watan Yuli na 1853, kwale-kwalen hukuma ya matso kusa, a cikinsa akwai tafinta mai suna Hori Tatsunosuke, kuma da harshen Holan aka fara tattaunawa.