Rigar Ruwa Mai Suna a Kasuwar Nima

Ranar Laraba kasuwar Nima ta birnin Accra ke cika maƙil. Masu hatsi da albasa da kayan yaji ne suka fi yawa, amma a bakin titi, inda motocin haya ke kutsawa da kyar, 'yan gwanjo sun rataye rigunan ruwa da na sanyi. A ƙirjin wasu an rubuta The North Face, wasu Columbia, jefi-jefi Patagonia. Kuɗin waɗannan ya ninka na sauran, a kansu kuma ciniki ke yin zafi.

"Alhaji, taɓa ka ji, wannan ba irin waccan ba ce."

"Ɗan'uwa, suna kawai kake sayar mini. Rage."

"Albarka."

Kayan dila-dila suke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema, daga Ingila da Amurka da Kanada da Sin, a wuce da su kasuwar Kantamanto a tsakiyar Accra. Ƙungiyar The Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga wannan kasuwa duk mako. Mai sayen dila ido rufe yake biya. Sai an yanke ɗauri yake sanin ko riba ya ɗauko ko asara. Shi ya sa ɗan gwanjon Nima ke sammako can ya samu zaɓin farko, yana kauce wa 'yan mata masu dako, akasarinsu daga arewacin Ghana, da ke ɗauke da dila mai kilo 55 a ka. Gobarar 2 ga Janairu 2025 ta cinye mafi yawan rumfunan Kantamanto, 'yan kasuwa suka sake kafa su da katako, aka ci gaba.

Wanda ya san kaya ba ya kallon tambari, don na jabu ma yana da shi, har ya fi na gaske sheƙi. Juya rigar yake yi ciki waje. Yana bin ɗinki da yatsa ya ga ko an liƙe shi da siririn tef, domin ta hudar allura ruwa ke shiga. Ya ja zif sama da ƙasa, ya duba ko YKK ne. Ya yayyafa ruwan leda a kafaɗa: in ya dunƙule ya gangara, madalla, in yadin ya sha, a mayar. Sai ya murza shafin ciki. Zafi da laimar Accra na cin wannan shafi, ya riƙa ɓarewa kamar garin rogo, kuma rigar da ta kai nan ta gama aiki ko sunan wa ke jikinta.

A ganina kuɗin rigar mai suna ya halatta, amma ga mai buƙata. Ɗan okada da ke yini a kan babur daga Maamobi zuwa Circle cikin ruwan watan Yuni, rigar kirki ɗaya za ta kai shi damina da dama, ta leda kuwa kafin wata ta yage a hammata. Haka direban da ke kwana a hanyar Tamale da Bawku cikin hunturu, ko yaron da ya samu biza zai tarar da 'yan'uwa a Bronx. Wanda ke ba ni tausayi shi ne saurayin da ke zuba kuɗin wata guda a rigar da aka ɗinka don ƙanƙara, ya sa ta cikin zufa don a gan shi.

Sabuwa dal kuma, ta ɗaruruwan daloli, ban ga dalilinta a nan ba. Cikin wannan farashi akwai talla, akwai alƙawarin gyara irin wanda Patagonia ke yi wa masu sayenta, alƙawarin da ba ya isowa Nima. Namu mai gyaran tela ne a lungu, ya canza zif, ya yi faci, ya karɓi 'yan sidi.

Ƙiyasin The Or Foundation ya ce kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ke shiga Kantamanto shara yake zama, wani ya toshe kwalbati, wani ya ƙare a tafkin Korle da gaɓar Jamestown. Rigar da aka ɗinka da kyau ba kasafai take kwana a rumfa ba, balle ta kai can. Kafin azahar wani ya biya ya tafi da ita.