Fim Ɗaya, 'Yan Kallo Biyu: Gardamar Da Ta Ƙi Mutuwa A Kan Love Actually

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, akwai wata gardama da ke tashi a Birtaniya, ba ta saɓa lokaci. A kan wani fim na soyayya da barkwanci ake yin ta, mai suna Love Actually, wanda Richard Curtis ya rubuta kuma ya ba da umarni, aka fara nuna shi a watan Nuwamba na 2003. Gidajen talabijin sukan sake haska shi a lokacin Kirsimeti, daga nan sai a rabu gida biyu: masu cewa biki bai cika ba sai da shi, da masu cewa abin kunya ne a ce har yanzu ana kiran wannan abu soyayya.

Fim ɗin labarai ne kusan goma da aka saƙa su wuri guda, yawancinsu a birnin Landan, cikin makonni biyar kafin Kirsimeti. Ya samu karɓuwa tun farko, domin ya tara sama da dala miliyan 240 a gidajen sinima na duniya. Wani ɓangare na farin jininsa siyasa ce ta jawo. A shekarar da ya fito ne Birtaniya ta bi Amurka zuwa yaƙin Iraƙi, jama'a da yawa kuma suna ganin Tony Blair ya zama ɗan amshin shatar George Bush. Sai ga Hugh Grant a matsayin Firayim Minista, ya tsaya gaban 'yan jarida yana gaya wa shugaban Amurka magana son ransa. Abin ya shiga zukatan mutane har Blair da kansa ya ambace shi a jawabinsa na taron jam'iyyar Labour a 2005.

Da fim ɗin ya cika shekara goma, a 2013, suka ta yi ƙarfi. Lindy West a mujallar Jezebel da Christopher Orr a The Atlantic suka yi masa fata-fata, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Firayim Minista ya kamu da son Natalie, wadda ke kawo masa shayi a ofis. Jamie, marubucin da Colin Firth ya fito a matsayinsa, ya nemi auren Aurélia, 'yar Fotugal da ke masa aikin gida, alhali ba su taɓa yin hira da harshen da dukansu ke ji ba. Harry kuma, magidanci mai 'ya'ya biyu, sakatariyarsa ce ta ɗauke masa hankali. Wato sau uku ana maimaita abu guda: namiji mai iko, da macen da abincinta ke hannunsa. Ga kuma ba'ar da ake ta yi wa Natalie a kan ƙiba, ita da ba ta da wata ƙibar a zo a gani.

Wurin da aka fi tayar da jijiyar wuya a kansa shi ne inda Mark ya je ƙofar gidan amininsa Peter, ya tsaya yana nuna wa amaryar aminin nasa kwalaye ɗauke da kalaman so, mijin yana ciki bai san wainar da ake toyawa ba. Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, shi ya fito a matsayin wannan miji, Keira Knightley kuwa, da ta fito a amaryar, shekarunta 17 lokacin ɗaukar fim ɗin. A 2003 mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin ƙololuwar soyayya, har Boris Johnson ya kwaikwaye shi a tallan yaƙin neman zaɓensa na 2019. A yau kuwa da yawa cin amana suke gani, kuma ina tare da su. Curtis ma ya sassauto: a 2022 ya shaida wa Diane Sawyer cewa ƙarancin baƙaƙen fata da sauran jinsuna a fim ɗin yana damunsa, a 2023 kuma, a bikin adabi na Cheltenham, ya amsa a gaban 'yarsa Scarlett cewa ba'ar ƙibar nan ba ta da sauran ban dariya.

To, in har marubucin da kansa ya amsa laifi, me ke mayar da jama'a ga fim ɗin duk shekara? A nan nake ganin masu suka sun yi gajen hange. Sun ɗauka masu kallo ba su ga aibin ba ne. Sun gani sarai. Abin da ke riƙe su yana cikin labaran da ba su ƙare da murna ba.

Dubi Karen, matar Harry, wadda Emma Thompson ta fito a matsayinta. Ta ga sarƙar zinariya a aljihun rigar mijinta, ta yi shiru tana murna a zuci, a zatonta kyautarta ce ta Kirsimeti. Da ta buɗe ƙunshin da ya ba ta a gaban yara, sai ta tarar da faifan waƙoƙin Joni Mitchell. Nan take ta gane sarƙar ta wata ce. Ta nemi uzuri ta shiga ɗaki, ta tsaya ita kaɗai hawaye na zuba, sannan ta share fuska, ta gyara shimfiɗar gado da tafin hannunta, ta fito da fara'a ta kai 'ya'yanta wasan makaranta. Babu ihu, babu jifa da kwanuka. Gyaran shimfiɗar nan ya fi duk kwalayen Mark faɗin gaskiya game da aure. Haka nan Sarah, wadda ta samu wanda ta daɗe tana so, amma kiran wayar ɗan'uwanta mai taɓin hankali ya raba su, ta zaɓi jinya a kan masoyi. Da wuya ka samu mai sukar fim ɗin da bai keɓe Karen daga sukarsa ba.

Saboda haka ni a ganina, sau da yawa mai yabon da mai sukar mutum ɗaya ne, shekaru ne kawai suka shiga tsakaninsu. Wadda ta kalli fim ɗin tana 'yar shekara 20 a 2003 ta haura 40 yanzu. A wancan lokaci idonta na kan saurayin da ke bakin ƙofa. Yanzu ta yi aure, ta yi reno, wataƙila ta yi jinya, idonta ya koma kan matar da ke cikin ɗaki. (Ga mai niyyar nema ya kalla, a sani akwai tsiraici a ciki, hukumar tace finafinan Birtaniya ma ta kayyade shi ga 'yan shekara 15 zuwa sama.)

Fim ɗin bai fayyace makomar auren Karen ba. An dai nuna ta a filin jirgin sama na Heathrow ta je tarbar Harry, gaisuwar tasu ba yabo ba fallasa. Shekara goma sha biyu masu kallo suna tambaya, sai a Disambar 2015 Emma Freud, abokiyar zaman Curtis wadda ta tace rubutun fim ɗin, ta ba da amsa a Twitter: Harry ya ci amanar matarsa da gaske, kuma sun ci gaba da zama tare, sai dai gidan bai koma yadda yake a da ba.